Hannun da Ya Ninke Rigar

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Jirgin Laraba, ko da ya manta farkonsa da ƙarshensa, ba ya manta wurin ninke riga. An zo an gaya wa matar direban jirgin ƙasa cewa mijinta ba zai dawo ba. Ba ta yi ihu ba, ba ta faɗi ba. Kyamara ta sauka daga fuskarta zuwa kan tebur, aka ga hannuwa biyu sun shimfiɗa rigar aikinsa, sun shafe ta, sun mai da hannun rigar na dama baya, sun mai da na hagu. Sai babban yatsa ya zo kan maɓalli na uku, wanda ke lilo a jikin zare ɗaya, ya tsaya cak. Ya daɗe a wurin yana ɗan murza zaren. Daga nan hannuwan suka ƙarasa ninkin da sauri, kamar an kama su suna sata. Duka-duka minti ɗaya ne da ɗoriya, amma shekara arba'in ke nan mutane suna hawaye a kansa.

Wadda ta fito a matsayin matar direban, yayar Auta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Hannuwan kuwa na Auta ne. Waɗanda suka san haka ba su da yawa tun asali, kuma yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Ga yadda abin ya faru. Auta tana da shekara goma sha tara lokacin, an ɗauke ta ɗinkin kayan 'yan wasa ne kawai, saboda Yaya ta sa mata baki. Ita Yaya Allah ya ba ta kyau, ba mai musu, amma tun da aka haife ta ko hankici ba ta taɓa ninkewa daidai ba. Ga farce zaƙo-zaƙo, ta ce ko za a fasa fim ɗin ba za ta yanke ba. Sau tara ana ɗaukar wurin rigar, sau tara tana cukuikuye ta kamar tsumman goge tebur. Darakta, wani ɗan guntun mutum mai zafin kai, ya jefar da hularsa ya taka. Yana waiwayawa sai ya hango Auta a lungu tana ninke kayan da aka gama amfani da su. Ya ce a sa mata rigar Yaya, a ɗauki hannu kawai. Sau ɗaya aka ɗauka. Da aka gama sai darakta ya ce, “Wannan magana ta mutu a ɗakin nan.” A ƙarshen fim ɗin sunan Auta ya fito can ƙasa, a gaban kalmar ɗinki, daidai lokacin da mutane ke tashi suna neman takalmansu.

Auta ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ta buɗe shagonta a bayan tashar mota, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti, ta yi aure, ta haifi 'ya ɗaya da yanzu take koyarwa a makarantar sakandare, ta binne miji. Yaya kuwa ta yi wasu finafinai huɗu da ba wanda ke tuna sunansu, sannan ta zauna tana cin albarkacin na farkon. A titi har gobe Matar Direba ake kiranta, kuma tana amsawa da murmushin da ta tanada domin haka.

Abin da ya tayar da tsohuwar magana shi ne hannuwan da kansu. Sanyin ƙashi ya kama su. Yatsun Auta suka kumbura suka karkace, sa zare a allura ya zama aikin rabin awa, likita kuma ya ce in ta kai ƙarshen shekara a kan keken ɗinki to ta yi ƙoƙari. Sai ta tsinci kanta tana son abin da ba ta taɓa so ba. Tana so, kafin hannun nan ya gama lalacewa, wani ya dube shi ya san shi ne.

Ana cikin haka Yaya ta shigo shagon wata safiya, ƙamshin turarenta ya riga ta, da katin gayyata a hannu. An gyara tsohon fim ɗin, hoto da sauti, za a nuna shi a ɗakin taro na babban ɗakin karatu ranar Asabar da rana, sannan masana su zauna su gwada shi da littafin da aka ɗauko labarin daga cikinsa. Ta zauna a bencin masu jiran awo, ta ga yadda Auta ke fama da almakashi, sai jikinta ya yi sanyi.

“Auta, wannan karon zan faɗa,” in ji ta. “Darakta ya rasu, mai kyamara ya rasu, wa nake ɓoye wa? Zan kira ki gaban mutane in ɗaga hannun nan in ce ga shi.”

“Ni ban roƙe ki ba, Yaya.”

“Na sani. Shi ya sa abin ke damuna.” Ta kama hannun Auta ta juya shi a cikin nata mai laushi. “Amma ki gaya mini abu ɗaya. Me ya tsayar da ke a kan maɓallin nan? Ba a cikin littafi yake ba, ba kuma darakta ne ya ce ki yi ba. Shekara da shekaru ana tambayata, ina ta kame-kame.”

Auta ta ajiye almakashin. Ko 'yarta ba ta taɓa gaya wa ba. Amma yayarta ce, kuma ta zo da alheri, sai ta buɗe baki.

“Rigar Baba ce,” ta ce. “An ce a samo rigar ma'aikaci wadda ta sha jiki, na ɗauko tasa daga akwati. Wata biyu ke nan da rasuwarsa. Sau uku yana ce mini, Auta, ɗan kama mini maɓallin nan. Ina cewa gobe, Baba. Ni da nake ɗinka wa duk unguwa. Da ita a jikinsa aka kai shi asibiti. Ranar ɗaukar fim ɗin na manta sam, sai da yatsana ya taɓa shi.”

Yaya ta yi kuka sosai, har da sheshsheka. Auta ta ba ta ƙyallen share hawaye, ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta. Daren jiya ma ba ta san tana ɗauke da shi ba.

Ranar Asabar ta sa kayanta mafi kyau, 'yarta Malama ta kai ta a mota. Ba ta gaya wa Malama komai ba, ta dai ce su zauna gaba-gaba, kusa da matattakala, saboda gwiwarta. Suka sami layi na uku. Ɗakin ya cika, ɗalibai har a kan tagogi, tsofaffi kuma suna ta gaya wa juna a wane gidan silima suka fara kallonsa.

Aka kashe fitila aka nuna fim. Auta ba ta taɓa ganinsa da haske haka ba. Da aka zo wurin rigar sai ga hannuwanta sun cika bango, sumul, ba kumburi ba karkata, har da ɗan tabon allura a gefen yatsa. Ta ɓoye na yanzu a ƙarƙashin jakarta. Malama tana jan hanci a gefenta, tana raɗa mata, “Umma, Inna ta iya wasa, wallahi.”

Bayan an kunna fitila mutum huɗu suka hau dandamali: mai gabatarwa, wani Farfesa na adabi mai tabarau a kan karan hanci, wani tsohon mai sharhin finafinai a jarida, sai Yaya a tsakiya, ta sha ado.

Farfesa ne ya fara, kuma da ganin yadda ya ɗaga littafin ka san ya zo ramuwa ne. Ya ce shi bai yafe wa fim ɗin ba tun yana ɗalibi. A littafi matar direba gajeruwa ce, mai faɗa, mai ƙaton baki, tana zagin mijinta kullum saboda son da take masa ya fi ƙarfinta. A fim an mai da ita 'yar lele mai tafiya kamar ba ta son taka ƙasa. A littafi akwai ƙanin direba da ya sha alwashin tona asirin waɗanda suka ƙi gyara birki, a fim an share shi ɗungurungum don kada a ɓata wa kowa rai. A littafi matar ta tattara kayanta ta bar garin ba sallama, a fim an tsayar da ita a tasha tana kallon rana na fitowa, ana busa sarewa. “Marubucin ya rubuta fushi,” in ji shi, “su kuma suka ɗauki hoton baƙin ciki mai kwalliya.”

Auta ta gyaɗa kai ba ta sani ba. Sau uku ta karanta littafin, kuma ta daɗe tana ganin an cuci ƙanin direban nan.

Mai sharhi ya karɓa, ya ce shi zai kare fim ɗin, amma ba 'yan wasan ba. Marigayin da ya fito direba, Allah ya jiƙansa, yana yi wa matarsa hira ne kamar yana kiran fasinja a tasha. Aka yi dariya. Wanda ya fito shugaban tasha ya fi kowa, don shi kaɗai ya gane cewa mugu ba ya zare ido. Aka tafa. Sannan ya juyo wajen Yaya, ya ɗan rusuna.

“Ranki ya daɗe, kin san ina girmama ki, amma an tara mu ne don mu faɗi gaskiya. Awa ɗaya da rabi na farko fuskarki ba ta motsa ba. Ana ba ki labarin murna, kyau kike yi. Ana ba ki na tashin hankali, kyau kike yi. Da a ce fim ɗin ya ƙare kafin wurin rigar, da yau ba mu taru ba.”

Dariyar da aka yi a nan ta fi ta ɗazu. Auta ta ga murmushin Yaya ya ƙame. Sai tausayinta ya kama ta. Haba, a gaban jama'a, tsohuwa da ita.

“Amma,” in ji mai sharhi, ya ɗaga yatsa, “sai hannu. A littafi matar ta yi kuka shafi uku cur, Farfesa shaida ne. Shafi ukun nan hannunki ya shanye su a minti ɗaya, har ya fi su. Wannan tsayawa a kan maɓalli, ni a iya kallona ban ga wasan da ya kai shi ba. Wanda ya iya wannan, an yafe masa sauran.”

Farfesa ya cire tabarau ya ce a nan kam ya sallama, wurin nan kaɗai ne fim ya kayar da littafi. Ɗaki ya ɗauki tafi. Mai gabatarwa ya miƙa wa Yaya abin magana ya ce, “To, Matar Direba, yau dai sai kin gaya mana sirrin maɓallin nan.”

Auta ta zame jakarta gefe, ta dafa kujerar gabanta don ta samu ta miƙe ba tare da gwiwa ta kunyata ta ba. Yaya ta dube ta. Ba kuskure, ido cikin ido, ta gan ta a layi na uku tana shirin tashi. Sannan ta kawar da kai, ta ɗaga hannunta na dama mai zobba uku, ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

“Ban taɓa faɗa wa kowa ba,” ta ce. “Rigar mahaifinmu ce. Wata biyu ke nan da rasuwarsa. Sau uku yana ce mini in kama masa maɓallin nan, ina cewa gobe, Baba. Da ita a jikinsa aka kai shi asibiti. Ranar ɗauka na manta sam, sai da yatsana ya taɓa shi.”

Ko kalma ɗaya ba ta canza ba. Yaya ba ta iya wasa ba, amma haddar magana kam Allah ya ba ta.

Ɗakin ya fashe da tafi. Mutane suka miƙe tsaye. Mai sharhi ya share ido da bayan hannu, Farfesa yana rubutu da sauri a bangon littafinsa. Malama ta riƙe kafaɗar uwarta tana cewa, “Umma, ashe haka aka yi? Ba ki taɓa gaya mini ba.” Auta tana rabin tsaye rabin zaune, hannunta a kan kujerar gaba, ta rasa ta inda za ta koma. Da hannun kawai Yaya ta ɗauke, da sauƙi, ta saba. Amma Baba ta ɗauke, da muryarsa, da laifin da Auta ta yi shekara arba'in tana goyo ita kaɗai. Ta je shagonta ta zauna a bencinta ta yi kuka ta karɓe shi, ta zo nan ta sayar da shi a kan tafi.

Kuma ba ta tsaya nan ba. Da tafin ya lafa sai ta nuna layi na uku ta ce, “Ga ƙanwata can, ita ta ɗinka mana kayan fim ɗin gaba ɗaya. Don Allah a tafa mata.” Aka yi ɗan tafi na ladabi, irin wanda ake yi wa wanda ya kawo ruwa. Auta ta zauna.

A mota Malama ta yi ta zuba, ta ce ranar Litinin za ta ba ɗalibanta labarin. Auta ta ce kanta ke ciwo.

Ranar Litinin ɗin da hantsi turaren ya sake shigowa shago. Yaya ba ta zauna a benci ba, ta tsaya a bakin teburin yanka tana wasa da tef ɗin awo.

“Kin ji abin da mutumin nan ya ce a kaina,” ta fara. “Dariya suke mini, Auta. In na ce hannun ma ba nawa ba ne, me ya rage? Ke kina da sana'arki, kina da 'yarki. Ni minti ɗayan nan ne kawai.”

Auta tana guga, ba ta ɗago ba.

“Na san ranki ya ɓaci. Zan gyara, ki ba ni lokaci.” Ta yi gyaran murya. “Yanzu dai ga abin da ya taso. Masu talabijin suna so in je ranar Alhamis in ninke rigar a gabansu, yadda aka yi a fim. Daga nan ɗakin karatu za su sa ta a gilashi. Na san tana wurinki. Ki ba ni ita, kuma ki ɗan nuna mini ninkin, sau biyu ko uku ya isa.”

Sai a lokacin Auta ta ajiye dutsen guga. Ta duba fuskar yayarta ko za ta ga kunya, ta ga tana nan kuwa, amma buƙata ta fi ta yawa. Ta juya ta buɗe durowar ƙasa ta keken ɗinki, ta ciro wani ƙunshi a farin ƙyalle. Rigar ta koɗe, wuyanta ya cinye, maɓalli na uku na nan yana lilo a zarensa ɗaya. Yaya ta saki ajiyar zuciya ta miƙo hannu.

“Tsaya,” in ji Auta.

Ta zaɓi allura, ta zaɓi zare ruwan toka. Yatsun suka ƙi, ta lashi bakin zaren ta sake, ya kauce, ta sake. Yaya tana kallo ba ta gane ba tukuna. A karo na shida zaren ya shiga. Auta ta ɗora maɓallin a mazauninsa ta soka allura.

“Ke! Me kike yi?” Yaya ta yi tsalle ta kama gefen rigar. “Za ki ɓata ta! Maɓallin nan shi ne labarin gaba ɗaya! In ba ya lilo, a kan me zan tsaya?”

“Sakar mini riga.”

Ta faɗe shi a hankali, amma Yaya ta saki. Auta ta yi ɗinkinta ba gaggawa, sama da ƙasa, sama da ƙasa, kowace suka tana ji har gwiwar hannu. Ta naɗe zaren a gindin maɓallin sau huɗu yadda take yi wa rigunan ma'aikata, ta ƙulle, ta datse da haƙori. Ta ja shi da yatsa ta ji ya zauna daram. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

“Ni ya ce wa in kama masa,” ta ce. “Ba ke ba.”

“Auta, don girman Allah, ni ce fa, Yayarki.”

Auta ta kama rigar ta wuya, ta kaɗe ta sau ɗaya har duk ninkin da ta yi shekaru a ciki ya warware, ta miƙa mata haka nan a sake.

“Ga ta, ranki ya daɗe. Ai ke kika ninke ta a fim, duk duniya ta shaida. Sai ki ninke.”

Ta koma kan gugarta. Yaya ta shimfiɗa rigar a kan teburin yanka, ta kama hannun dama ta saki, ta kama na hagu, ta tsaya tana dubanta. Auta ta juya wandon da take gogewa, ta ci gaba da ɗaya ƙafar.